Sunan Nachtigal: daga ina ya fito, me yake nufi, kuma yana da yawa a Jamus?

Ɗanladi, Kusiri

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da aka fara maganar madatsar ruwan Nachtigal da ke kan kogin Sanaga a Kamaru, da batun jawo layin wuta daga can zuwa arewa har Njamena, sunan nan ya shiga bakin kowa. Wasu na cewa kalma ce ta yaren mutanen wajen, wasu na cewa sunan Bature ne. A jaridu ma rubutun bai tsaya wuri ɗaya ba: yau ka ga Nachtigal, gobe Natchigal, jibi Nachtigall da "l" biyu. Wane harshe ne, kuma me yake nufi? Wane rubutu ne daidai? In sunan dangi ne a Jamus, yana da yawa ne kamar su Müller da muke ji a ƙwallo, ko ɗaiɗai ne? Ina neman bayani mai tushe wanda za a iya maimaita wa 'yan makaranta. Allah ya saka da alheri.

Malam Buba, Garwa

Wa alaikumus salam, Ɗanladi. Jamusanci ne tsantsa, kuma asalinsa sunan tsuntsu ne, wanda Faransawa ke kira rossignol, Larabawa su ce andalib. A ƙamus na yau Nachtigall za ka same shi a rubuce.

Kalmomi biyu aka haɗa. Nacht shi ne dare. Gall kuwa guntun tsohuwar kalma ce, galan, wato rera waƙa, har da irin rerawar masu surkulle. Galan ta daɗe da mutuwa a bakin Jamusawa, sai 'yar'uwarta gellen ta rage, wadda ake faɗa idan ƙara ta cika kunne. A rubuce-rubucen da suka haura shekara dubu ana samun nahtagala, daga baya ta koma nahtegal. Ma'anar dai ita ce mai waƙar dare. Jamusanci na ɗaukar kalmar a matsayin mace, alhali namijin ne ke waƙar, musamman wanda bai samu abokiyar zama ba tukuna. Shi ne ke kwana yana rerawa daga tsakiyar Afrilu zuwa Yuni. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne, tsawonsa wajen santimita 16, launin ƙasa-ƙasa, wutsiya ja-ja. Kuma baƙonmu ne: idan sanyi ya kama Turai yakan ƙetaro Sahara ya sauka a dazuzzukan da suka taso daga Senegal har Habasha, Kamaru na ciki. Ganinsa ne ke da wuya, domin cikin duhuwa yake ɓuya.

Ga inda yara ke tuntuɓe in ka ba su ƙamus su tsaga kalmar da kansu. Wani zai yanka ta Nacht da Igel, ya ce maka bushiyar dare. Wani ya ga Galle, wato maɗaciya, ya ce ɗacin dare. Na farkon "i" ɗin tsakiya ne ya yaudare shi. Ba farkon wata kalma ba ne, tsohon wasali ne da ke ɗaure kalmomin biyu, irin wanda ya rage a Bräutigam, wato ango. Na biyun kuwa kamannin haruffa ne kawai, babu dangantaka.

Wajen furuci, "ch" ɗin daga maƙogwaro yake fita, daidai da harafin خ yadda alaramma ke furta shi a farkon sunan Khadija, kuma a gaɓar farko ake danna murya. Mu da muka yi boko da Faransanci mun saba karanta "ch" kamar "sh", sai muka ce Nashtigal. Da "sht" ya yi wa harshe nauyi aka juya shi ya zama Natchigal, har ya shiga jarida. Wannan rubutun ba shi da asali ko kaɗan a Jamusanci.

Yanzu yadda tsuntsu ya zama sunan dangi. Jamusawa ma da can suna ɗaya kowa ke da shi. A ƙarni na 12 birane irin su Kolon suka cika, su Hans da Heinrich suka yi yawa, magatakarda kuwa na son ya san wane Hans ne ya ci bashi, wane ne ya gaji gida. Sai laƙabi ya shiga rajista, ɗa ya gada, jika ya gada. Zuwa ƙarni na 15 abin ya game mafi yawan ƙasar. Masana sun raba sunayen gida biyar, kuma duk Bahaushe zai gane su domin muna da irinsu. Akwai na sunan uba, kamar Hansen, ɗan Hans. Akwai na garin asali, kamar Bremer, mutumin Bremen, yadda muke cewa Bakano ko Bagobiri. Akwai na wurin zama, kamar Bachmann, na bakin rafi. Na sana'a su suka fi cika littafi: Schmidt maƙeri, Schneider tela, Weber masaƙi, Gerber majemi, Bader kuma shi ya fi kusa da wanzami, domin shi ke aski da ƙaho. Sai na siffa ko hali: Lang dogo, Kurz gajere, Schwarz baƙi. Bambancin shi ne Dogon namu yakan tafi kabari da laƙabinsa, nasu kuwa ya daskare a takarda, har ka ga gajeren mutum na amsa Lang.

Nachtigal ya fi zama a gida na biyar, laƙabin mai zaƙin murya, kamar yadda mukan kira mawaƙi kanari. A Nuremberg ta ƙarni na 15 an yi wani mai gashin burodi, Konrad Nachtigall, da ya yi suna cikin ƙungiyar mawaƙan masu sana'a ta birnin. Amma kada a rufe ƙofa a nan. Ana iya laƙaba wa mai muryar gwangwani sunan don gatse. Ana iya kiran mai kama tsuntsun yana sayarwa da sunan hajarsa, domin an daɗe ana ajiye shi a keji, har wasu garuruwan Jamus suka sa wa masu ajiye shi haraji a ƙarni na 19. Sannan akwai sunan gida. Kafin a fara sa wa gidaje lamba a ƙarni na 18, alama ake zanawa a ƙofa, mazaunin gidan ya ɗauki sunan alamar. Gutenberg mai injin buga littafi Gensfleisch ne sunan danginsu, sunan gidansu na Mainz ne ya bi shi. Su Rothschild ma daga gida mai alamar jar garkuwa a Frankfurt suka samo nasu. Wanda ya zauna a gida mai hoton wannan tsuntsu zai iya zama Nachtigall ko da bai taɓa buɗe baki ya yi waƙa ba. Ƙamus zai ba ka ma'anar kalmar, amma wace hanya ce ta kawo ta kan wani dangi, sai takardun wannan dangin.

Hajiya Asabe, Njamena

Malam Buba ya gama da tsuntsu, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗora da mutumin, domin ta kansa sunan ya iso Sanaga, kuma ƙasarmu Chadi ya fi takawa fiye da kudancin Kamaru.

Gustav Nachtigal, da "l" ɗaya. An haife shi ran 23 ga Fabrairu 1834 a ƙauyen Eichstedt kusa da Stendal, ubansa limamin coci ne. Likita ne. Ciwon ƙirji ya kai shi Aljeriya a 1862, daga nan Tunis. A 1869 ya tashi daga Turabulus ɗauke da kyautar Sarkin Furusiya Wilhelm zuwa ga Shehu Umar na Borno. Ya ratse zuwa Tibesti, inda da kyar ya tsira da ransa, ya isa Kukawa a Yulin 1870. Ya zaga Kanem da Borku, a 1872 ya bi ta Logone-Birni, nan kusa da kai Ɗanladi, ya shiga Bagirmi. A 1873 ya isa Abeshe zamanin Sarki Ali na Wadai, ya fita ta Darfur, ya kai Alƙahira a ƙarshen 1874. Littafin tafiyar, Sahara und Sudan, juzu'i uku ne, na 1879 da 1881 da 1889.

A duk wannan tafiya ba da sunan Nachtigal aka san shi ba. Idris Efendi ake kiransa, kamar yadda aka san Heinrich Barth, Bajamushen mai bincike da ya riga shi zuwa, da Abdulkarim. Wanda ya je Abeshe ko Kukawa yana tambayar tsofaffi labarin Nachtigal, ko yake neman sunan a takardun Larabci na wancan zamani, zai dawo hannu rabbana, don ba sunan da aka ajiye ba ke nan.

A 1884 Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya turo shi gaɓar teku da wani aiki dabam. Ran 5 ga Yuli ya kafa ikon Jamus a Togo, ran 14 ga Yuli ya ɗaga tutarsu a Duwala. Ya mutu a cikin jirgin ruwa ran 20 ga Afrilu 1885 daura da Cape Palmas ta Laberiya, daga baya aka dawo da ƙasusuwansa Duwala, unguwar Bonanjo. Bai taɓa ganin gangaren ruwan Sanaga ba. Jamusawan da suka kutsa ciki bayan mutuwarsa ne suka sa wa wurin sunansa, madatsar kuma ta gaji sunan wurin. Tana da nisan wajen kilomita 65 daga Yawunde, injina bakwai, kowane megawat 60, jimla 420. Don haka rubutun madatsar "l" ɗaya ne, kamar yadda mai sunan ke rubutawa.

Ina roƙon duk malamin da zai koyar da wannan kada daɗin ma'anar ya rufe masa baki kan aikin 1884. Jamusawa da kansu sun sake duba lamarin: a Disamban 2022 aka cire sunansa daga wani dandali a Berlin aka sa na Manga Bell, don tunawa da Rudolf Duala Manga Bell, sarkin Duwala, da mulkin da Nachtigal ya buɗe wa ƙofa ya rataye ran 8 ga Agusta 1914. Yaro ya san duka biyun, mai binciken da ya bar mana bayanin Wadai da Bagirmi, da wakilin da ya ɗaga tuta.

Wani abin lura, sunan tsuntsu ya sha fitowa a tarihinmu. Eduard Vogel, mai binciken da aka kashe a Wara ta Wadai a 1856, sunansa na nufin tsuntsu. Von Raben, hafsan sojan Jamus da ya riƙe dutsen Mora har Fabrairun 1916, Rabe hankaka ne.

Malam Buba, Garwa

Hajiya, Vogel daidai ne. Raben kam a yi taka-tsantsan. Hraban, wato hankaka, tsohon sunan yanka ne na maza a Jamusawa, kuma "von" yawanci wuri yake nunawa, garin da dangin suka fito ko ƙasar da suka mallaka. Hankaka na cikin kalmar, amma ba lallai an taɓa kamanta kakansa da hankaka ba.

Alhaji Hamadu, Ngaundare

Saura tambayar yawa, kuma a nan aka fi yin ɓarna da alƙaluma, don haka zan ɗan tsawaita.

Jamus ba ta fitar da ƙidayar sunayen dangi a hukumance. Abin da masana ke aiki da shi shi ne rajistar wayar gida ta Telekom ta shekarar 2005, layuka sama da miliyan 28, ɗauke da sunaye mabambanta wajen dubu 850. A kanta aka gina ƙamus ɗin sunayen dangi na intanet da cibiyar masana ta Mainz ke gudanarwa tun 2012, wanda ake taƙaitawa DFD. Kyauta ne, a shafin namenforschung.net. Sunan da ya fito aƙalla sau 10 a rajistar shi suka ɗauka, abin da ya kai wajen dubu 200. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mafi yawan sunayen Jamus ɗaiɗai ne, ƙalilan ne suka cika gari.

Idan ka shiga, ka nemi kowane rubutu shi kaɗai: Nachtigall dabam, Nachtigal dabam. Na'urar ba ta haɗa maka su. Lambar da za ta fito ta layukan waya ce, ba ta mutane ba. Layi ɗaya gida ɗaya ne, don haka ana ninkawa kusan sau uku kafin a ƙiyasta kawuna. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne Müller, na ɗaya a ƙasar: layuka dubu 256 da ɗoriya, wato mutum wajen dubu 700. Bayansa Schmidt, Schneider, Fischer, Weber. Nachtigall ko cikin ɗari na farko bai shiga ba, mai "l" ɗaya kuma ya fi shi ƙaranci, domin mai "l" biyu ne ya yi daidai da yadda ake rubuta tsuntsun a makaranta. Amsar Ɗanladi ke nan: kowane Bajamushe ya san kalmar tun yana yaro, amma masu amsa ta a matsayin suna kaɗan ne.

Taswirar yaɗuwar suna ita ce tarko. Iri biyu ce. Ta jimla kullum Berlin da Hamburg da yankin Ruhr za ta haska maka, ko wane suna ka sa, don nan mutane suka taru. In asali kake nema, ka zaɓi wadda ke auna sunan da yawan mazauna yankin, misali mutum nawa cikin kowane miliyan. Ita ma ga suna maras yawa tana da ciwo: gida uku na wa da ƙanne a ƙaramar gunduma sun isa su rina ta ja, ka ɗauka nan ne tushe.

Ciwo na biyu shekarar 1945 ce. Bayan yaƙin duniya na biyu an taso Jamusawa wajen miliyan 12 daga yankunan gabas da suka koma hannun Poland da Rasha da sauransu, aka warwatsa su. Taswirar 2005 na nuna inda aka sauke mutum, ba inda kakansa ya yi noma ba. Maganin wannan shi ne taswirar ƙungiyar masu binciken nasaba ta genealogy.net, mai zaɓi biyu, 1890 da 1996. Ta 1890 an gina ta ne daga jerin sojojin da aka kashe, ko aka raunata, ko suka ɓace a yaƙin duniya na farko, bayanai wajen miliyan takwas da rabi, galibi da garin haihuwar sojan. Tana nuna zaman mutane kafin a tashe su. Sai dai soja ɗaya na iya fitowa sau biyu ko uku, yau an ce ya ji rauni, baɗi an ce ya mutu, don haka wuri za ka karanta a cikinta, ba adadi ba.

A wajen Jamus kuma sunan na sauya riga. Daga cikin Kiristocin Menonait da suka bar kwarin kogin Vistula zuwa daular Rasha, sannan suka wuce Kansas ta Amurka a 1874, akwai masu suna Nachtigal, wasu zuriyarsu suka mai da shi Nightingale ko Nightengale. A Holand Nachtegaal ne. A Denmark an yi Franz Nachtegall, wanda ya yaɗa koyar da motsa jiki a makarantu. Masana na ƙarni na 16 kuwa suna son juya sunansu zuwa Latin: Othmar Nachtgall na Strasbourg, wanda ya mutu a 1537, da Luscinius aka san shi. Wanda ya ƙirga rubutu ɗaya kawai ya zubar da duk waɗannan. Wanda kuma ya tattara kowane Nightingale na Ingila ya zuba a lissafi ya yi kuskuren da ya fi wancan, domin Turawan Ingila da kansu suka ƙirƙiri nasu daga tsuntsu ɗaya, kamar yadda Faransawa ke da Rossignol.

Ɗanladi, Kusiri

Na gode ƙwarai, iyayena. Abu ɗaya ya rage mini. Ke nan masu "l" ɗaya dangi ne guda, masu biyu kuma dangi dabam? Duk Nachtigal mai "l" ɗaya ɗan'uwan Gustav ne?

Malam Buba, Garwa

A'a ga duka biyun, Ɗanladi. Kafin a kafa ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na gwamnati, wanda ya fara a Furusiya ran 1 ga Oktoba 1874, ya game ƙasar ran 1 ga Janairu 1876, galibi limaman coci ne ke rubuta mutane, kuma yadda kunnensu ya ji suke rubutawa. Mutum ɗaya na iya zama Nachtigal ranar baftisma, Nachtigall ranar aure, Nachtegal ranar binnewa. Mun san irin wannan a takardun haihuwarmu, inda wa yake ɗan Ousmanou, ƙane kuma ɗan Ousmane, alhali uba ɗaya. Sai da rajistar gwamnati ta kafu, dokar farar hula ta 1900 ta biyo baya, rubutun kowane gida ya tsaya a inda ya same shi. Saboda haka 'yan'uwan jini na iya rabuwa a "l", bare biyu kuma su haɗu a kai. Laƙabi irin wannan a garuruwa da yawa aka ƙirƙire shi, kowa da nasa, kamar yadda Dogon Marwa da Dogon Zinder ba su haɗa kaka ba. Ko Johann Karl Christoph Nachtigal, malamin addini na Halberstadt da ya rayu 1753 zuwa 1819, rubutunsu ɗaya da Gustav, amma rubutu kaɗai ba ya ƙulla zumunci.

Mai son tabbatarwa daga baya-bayan nan zai fara ya yi sama, tsara bayan tsara, ba daga Gustav ya gangaro ba. Takardun ofishin rajista ana buɗe wa kowa ne bayan shekara 110 ga haihuwa, 80 ga aure, 30 ga mutuwa. Kafin nan sai dangi na kusa ko mai hujja. Abin da ya gabaci 1874 galibi littafin coci ne. Na Furotesta da yawa suna shafin intanet na Archion, ana biya. Na Katolika da yawa suna shafin Matricula, kyauta. Gidan su Gustav Furotesta ne, kuma a kula da sunan garin: Eichstedt ta yankin Altmark ce, ba Eichstätt ta Bavariya ba, wadda birnin bishop ɗin Katolika ne mai nisan ɗaruruwan kilomita. Harafi biyu ne suka raba su, kuma injin bincike ya fi son kai mutum ta biyun. A yankuna da dama sarƙar kan tsinke wajen 1650, domin yaƙin shekara talatin, 1618 zuwa 1648, ya cinye littattafan coci masu yawa.

Alhaji Hamadu, Ngaundare

Ƙari kaɗan ga wanda zai buɗe littattafan. Da tsohon rubutun hannu na Kurrent aka yi su, inda "e" ke kama da "n", "h" kuma ke da ƙafa mai sauka ƙasa da layi, shi ya sa masu kwafe sunayen zuwa kwamfuta ke yawan kuskure. A wurin bincike kada ka rubuta sunan duka. Ka sa Nachtig da alamar tauraro a ƙarshe, ka sake da Nachteg, ka sake da Nachtg. Mata kuma a tsofaffin littattafai ana ƙara musu "in", sai ka ga Anna Nachtigallin. Matar Nachtigall ce ko 'yarsa, ba wani dangi ba ne.